Hasumiyar Kutubiyya ta Churchill: ta yaya za a zana Gulbin Maraɗi da irin wannan hasken?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata kashi biyu ce.

Akwai wani hoton fenti da ke yawo a Facebook: hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marakesh, jar ganuwa a gabanta, duwatsu masu dusar ƙanƙara a bayanta. An rubuta cewa Winston Churchill, firaministan Birtaniya na zamanin yaƙin Hitila, shi ya zana da hannunsa, kuma an sayar da shi kuɗi na fitar hankali. Gaskiya ne, ko sunansa kawai aka liƙa? Mutumin da ke jan ragamar yaƙin duniya ina ya ga sararin zama da burushi? In kuma nasa ne, gwani ne ko sunan aka saya?

Kashi na biyu shi ya fi damuna. Abin da ya kama ni a hoton shi ne hasken yamma a jikin ginin ƙasa. Irinsa ne ke sauka kan gidaje da gawo a bakin Gulbi bayan la'asar sakaliya. Wanda ya iya zane da fensir da biro amma bai san fentin mai ba, ta ina zai fara in yana son ya fitar da Gulbi ko tafkin Madarunfa haka? Wane ƙyalle, launi nawa, wane lokaci? Fentin ƙofa na gwangwani zai yi? Ana cewa har da man gyaɗa ana iya dama shi. Kuma me ke sa hoton karkarar nan tamu yakan fito kamar an yaɓa laka?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hoton nasa ne, babu ko tantama.

Churchill bai taɓa fenti ba sai da ya kai shekara 40. A 1915 shi ne ministan sojojin ruwan Birtaniya, kuma shi ya dage a kai wa Turkawa hari ta mashigin Dardanel. Harin ya watse, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta, a watan Mayu aka sauke shi daga kujerar. Ya koma wani gidan gona da iyalin suka kama haya a yankin Surrey, zuciya a dagule. A can ya ga matar ƙanensa, Gwendoline, tana zane da fentin ruwa. Ya karɓa ya gwada, ba a jima ba ya koma fentin mai. Shi da kansa ya rubuta yadda farawar ta kasance: ya tsaya gaban farin ƙyalle da ɗan siririn burushi, ya ɗiga shuɗi kamar ƙwayar wake, ya kasa gaba. Sai ga Hazel, matar mai zanen nan John Lavery. Ta karɓi babban burushi, ta tsoma a tarbantin (ruwan da ake tsarma fentin mai da shi) da shuɗi da fari, ta zabga wa ƙyallen. Tun daga ranar tsoro ya sake shi.

Kafin mutuwarsa a 1965 ya yi hotuna sama da 500. Mafi yawansu fili ne da ruwa da itatuwa da gine-gine: gidansa na Chartwell da tafkunan kifinsa, gaɓar tekun kudancin Faransa, dalar Masar da ya zana a 1921 lokacin taron Alkahira, sai Marakesh da ya fara ziyarta a hunturun 1935 ya kamu da son ta.

Wanda kake tambaya shi ne hoto ɗaya tilo da ya zana a duk tsawon yaƙin duniya na biyu. An yi taron Kasablanka daga 14 zuwa 24 ga Janairun 1943. Da aka tashi, ya matsa wa shugaban Amurka Roosevelt cewa ba zai bar Maroko bai ga faɗuwar rana a kan duwatsun Atlas ba. Suka yi tafiyar kusan kilomita 240 a mota zuwa Marakesh, suka sauka a wani gida mai ɗan dogon soro da ake kira Villa Taylor. Roosevelt ba ya iya tafiya, sai da aka ɗauke shi a hannu aka hau da shi. Kashegari Roosevelt ya tafi, Churchill ya tsaya ya hau soron da kayan fentinsa ya yi hoton, daga baya ya ba Roosevelt kyauta. Hasumiyar kuwa ta ƙarni na 12 ce, ginin daular Muwahhidai, tsawonta kusan mita 77.

Ranar 1 ga Maris 2021 gidan gwanjon Christie's na Landan ya sayar da shi fam miliyan 8 da dubu 285, wato sama da sefa miliyar 6 a canjin lokacin. Ƴar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ce ta sayar. Kafin nan mafi tsadar hotonsa shi ne na tafkin kifin Chartwell, wanda ya yi kusan fam miliyan 1 da dubu 800 a 2014. Ka ga ke nan yawancin kuɗin na labarin ne: hannun Churchill, kyautar Roosevelt, tsakiyar yaƙi.

Amma aikin ya taɓa tsayuwa ba tare da sunan ba. A 1947 ya aika hotuna cibiyar masu zane ta Royal Academy a Landan da sunan aro, David Winter, aka karɓi biyu. Ya kuma zauna da manyan masu zane irin su Lavery da Walter Sickert da William Nicholson ya koya. A ganina mai yi don sha'awa ne da ya kai mataki mai kyau. Ƙarfinsa launi da haske da rashin tsoro. Wajen zanen mutane hannunsa bai kai nan ba.

Abu ɗaya kada kyawun hoton ya rufe mana: mutumin nan ɗan mulkin mallaka ne na sosai. Yana cikin rundunar da ta ci Omdurman a Sudan a 1898, kuma har yau Indiyawa na riƙe da shi kan yunwar Bengal ta wannan shekarar ta 1943. Ana koyon riƙon burushi wurinsa ba tare da an wanke shi ba.

Tsohon Mai Burushi ya amsa:

Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ita ce babba, da ita zan fara.

A ɗan littafinsa kan zane da ya fito a 1948, Churchill ya ce yana murna da launuka masu walƙiya, yana kuma jin tausayin masu ruwan ƙasa. To ƙasarmu wata takwas a shekara ruwan ƙasa ce: rairayi, katanga, rumbu, karan gero, ƙura. Wanda ya ɗauki maganar nan a zahirinta zai ce Maraɗi ba ta zanuwa. Sai dai ka buɗe hoton Kutubiyya ka ƙura wa ganuwar ido. Ita ma jar ƙasa ce kamar tamu, amma bai shafa mata ruwan ƙasa ba. Inda rana ta bugi gini ya sa ruwan goro da ruwan hoda, inda inuwa take ya karkata zuwa shunayya da shuɗi. Idon mai kallo ne ke haɗa su ya ce wannan ginin ƙasa ne. Sirrin ke nan gaba ɗaya: haske mai ɗumi, inuwa mai sanyi.

Laka tana fitowa ta hanya huɗu. Ta farko, a ɗauki ruwan ƙasa daga bututu, a ƙara fari don haske, a ƙara baƙi don inuwa. Fari shi kaɗai yana kashe launi ya mai da shi kamar toka, baƙi kuma yana mai da inuwa rami. Ta biyu, a dama launi huɗu ko biyar wuri ɗaya. Kada ka wuce uku, ban da fari. Ta uku, burushi ɗaya na shiga shuɗi ya shiga ja ba a goge ba. Ware burushi biyu na wuraren haske, biyu na inuwa, tsumma a hannun hagu kullum. Ta huɗu ita ta fi yawa: a ɗora launi a yi ta lailaya shi kan na ƙasa mai ɗanye har su cakuɗe. Ɗora sau ɗaya, ka ɗage hannu. In bai yi ba, kankare da wuƙar fenti ka sake.

Launi shida sun isa. Sunayen jikin bututu suna sauyawa daga kamfani zuwa kamfani da harshe zuwa harshe, don haka dubi ƙaramar lambar da ke baya. Fari PW6, ka sayi babban bututu domin shi ke fara ƙarewa. Rawayar ƙasa PY42 ko PY43. Rawaya mai haske PY35 ko PY74. Jar ƙasa ƙonanniya PBr7 ko PR101. Ja mai sanyi da ya karkata zuwa zoɓo, kamar PR177 ko PV19. Shuɗi PB29. Baƙi ba ya cikin lissafi. In kana son duhu, haɗa shuɗin da jar ƙasa rabi da rabi. Ka rinjayar da shuɗi ya yi sanyi, ka rinjayar da ja ya yi ɗumi.

Ga ma'aunin farawa, ido zai gyara saura. Katangar da rana ta haska: rawayar ƙasa kashi 2, fari 2, jar ƙasa 1, da ɗan lakacen rawaya mai haske. Inuwar katangar: jar ƙasa 2, shuɗi 1, ɗan ja mai sanyi, fari kaɗan ƙwarai. Kusa da ƙasa ka ɗan ɗumama inuwar da rawaya, saboda rairayi na mayar da haske jikin bango. Rairayin Gulbi da rani: fari 5, rawayar ƙasa 1, ja a bakin wuƙa. Inuwar itace a kan rairayi shunayya ce mai haske, ba ruwan ƙasa mai duhu ba, domin sama ce ke haska ta.

Kore ma kada ka saya, haɗa shi. Gawo korensa mai toka-toka ne: rawayar ƙasa da shuɗi da ɗan fari. Dogon yaro ya fi shi duhu da kauri: rawaya mai haske da shuɗi da ɗigon ja. Mangwaro ya fi duka duhu, sabon tohonsa ja ne. Ka tuna gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya zana gero tsaye shar kuma gawo lulluɓe da ganye a kansa, kowane manomi zai gane bai duba ba.

Sai lokaci. Marakesh tana arewa da mu sosai. A ƙarshen Janairu, ko da tsakar rana, rana a can kusan digiri 40 kawai take ɗagowa daga ƙasa, mu kuwa takan kai kusan 58. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta tsaye take cak a kan Maraɗi, inuwa na ƙarƙashin ƙafa, komai ya yi fari fat. Saboda haka hasken da shi ya samu na sa'o'i, mu muna samunsa ne sa'a ɗaya bayan fitowar rana da sa'a ɗaya kafin faɗuwarta. Kuma a nan rana faɗawa take yi da sauri. Ka shirya komai tun da la'asar, ka zana siffofi, ka dama launuka a allon damawa, in hasken ya zo ka yi minti 40 kana ɗorawa. Inuwa kuwa ka tsayar da ita a minti biyar na farko, kada ka bi ta tana tsawo. Abin da bai ƙare ba ka dawo gobe daidai wannan lokacin. Mafi kyawun wata shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba: an share sama, akwai sauran kore, an yanke gero, hazo bai sauko ba.

Wurin tsayuwa ma da lissafi. Gulbi yana yamma da gari. In ka tsaya daga gari da yamma ka fuskance shi, rana na cikin idonka, itatuwa duk sun zama baƙaƙe. Sauka cikin fadama ka juyo ka dubi gari, ko ka dubi kwarin ta kudu ko ta arewa yadda haske zai shigo daga gefe. Hasken gefe shi ke fitar da jikin abu.

Tsarin aikin: fara da ƙaramin allo, santimita 24 da 30 ko 30 da 40. Hoton Kutubiyya kansa bai wuce 46 da 61 ba. Shafe farin da jar ƙasa tsararo a tarbantin, ka goge da tsumma har ya koma kamar ruwan shayi. Runtse ido rabi har ƙananan abubuwa su ɓace, ka raba abin da kake gani gida biyar ko shida: sama, layin itatuwa na nesa, na kusa, rairayi, gini, inuwa. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya raba allon biyu daidai. Duhu ake fara sawa, siriri. Sai matsakaici. Haske a ƙarshe, da kauri, yadda sawun burushi zai tsaya. Yi amfani da burushi mai tauri lamba 8 zuwa 12. Ƙaramin burushi shi ke jan mutum zuwa ƙirgan ganye.

Mu ba mu da Atlas a baya, ƙasarmu shimfiɗe take. Nisa sai ka gina shi da layukan itatuwa: kowane layi na baya ya fi na gabansa ƙanƙanta da haske da shuɗi, gefensa ya fi laushi. Da hunturu nesa ba ta yin shuɗi, toka ce mai rawaya, sama ma kusa da ƙasa haka take: fari da rawayar ƙasa da ɗigon shuɗi. Ka kuma nemi abu ɗaya tsaye da zai yi aikin da hasumiya ta yi masa, ko giginya, ko kuka, ko rumbu, ko hasumiyar masallacin unguwa. A Madarunfa, inuwar abu cikin ruwa ana janta daga sama zuwa ƙasa, sannan a ratsa da ƴan layuka a kwance. Abu mai haske yana ɗan dushewa cikin ruwa, mai duhu yana ɗan washewa.

Hoton waya halal ne a sana'ar. Sickert ne ya koya wa Churchill aiki da hoton kyamara tun 1927, har yakan haska shi jikin ƙyalle ya bi layin. Kai ka raba hoton gida-gida, ka raba allonka haka, ka kwafe siffa. Amma launi kada ka ɗauka daga waya, tana baƙanta inuwa tana wanke sama.

Kafintan Sabon Gari ya amsa:

Baba Mai Burushi ya gama da launi, ni bari in taɓa kayan aiki, don a nan ne kuɗi ke ɓata.

Man gyaɗa: a'a, ko ɗigo. Fentin mai ba bushewa yake yi kamar wanki ba, man ne ke shan iska ya daskare ya zama fata. Man lin, wato man ƙwayar wani tsiro da ake kira lin, yana yin haka, man gyaɗa ba ya yi. Hoton da aka dama da shi zai yi watanni yana danƙo, ya kwashi ƙura, ya yi ɗoyi. Man ja da man inji duk ɗaya. A shagon kayan gini ka nemi huile de lin. In mai duhu ne ƙwarai zai rawaita fari, don haka ka sa shi kaɗan a wuraren sama.

Na tsarma fenti: tarbantin ko farin sinadarin wanke burushi mara ƙarfi. Kada ka taɓa diliwan na masu fentin mota, yana cin shafin ƙasa yana kuma cutar da ƙirji. Fetur haɗari ne. Kananzir yana barin maiƙo, ko wanke burushi aka yi da shi sai an bi da sabulu.

Ƙa'idar shafi ita ce na sama ya fi na ƙasa mai. Shafin farko tarbantin zalla. Na biyu mai kashi 1, tarbantin 2. Na ƙarshe rabi da rabi, ko fenti yadda ya fito daga bututu. In ka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa daskarewa, na ƙasa ya motsa, hoton ya tsattsage kamar fadama da bazara. Farin PW4 ma yana tsagewa in ya tsufa, ka guje shi a shafin ƙasa.

Fentin ƙofa na gwangwani yana yi don allon shago. Don irin wannan aiki yana da aibi uku: yana malala ya shafe sawun burushi, yana kamawa cikin ƴan sa'o'i, kuma ja da rawayarsa sukan koɗe. In bututu bai samu a gari ba, a ba masu zuwa Kano ko Yamai saƙo da lambobin nan da Baba ya rubuta.

Abin zanawa: mai farawa ya bar ƙyalle tukuna. Filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 5, kafinta ya yanka maka guda goma daidai da juna. Goge da samfefa. Dama farin gam na kafinta kashi 1 da ruwa kashi 2, shafa gaba da baya da gefuna, sau biyu. Wanda ya shafa gaba kaɗai allon zai lanƙwashe. Sannan farin shafi: farin fentin ruwa na bango mai kyau kashi 2, gam 1, garin alli tankaɗaɗɗe 1, ruwa har ya yi kamar kunu mara kauri. Shafi uku sirara, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, sa'a biyu tsakani, samfefa mai laushi a ƙarshe. Bar shi kwana biyu. In alli ya yi yawa allon zai shanye mai, launi ya mutu. In gam ya yi yawa zai yi santsi, fenti ya ƙi kamawa. Farar ƙasa ta shafen ɗaki kada ta shiga ciki, tana cin mai. Ƙaro ma bai dace ba, yana tsagewa kuma raɓa na narkar da shi.

In ka koma ƙyalle, akoko mai kauri na auduga. Wanke shi tukuna ya gama tsukewa, ja shi a firam daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, gefe da kishiyarsa. Gam ɗin nan wajibi ne, domin mai in ya taɓa zaren auduga yana ruɓar da shi a hankali.

Ƙura kuma: a yi akwatin katako mai tsagi a ciki, alluna su shiga a tsaye da tazarar santimita 2, a huda ƴan ƙofofi a rufe su da ƙyalle don iska ta shiga. Babu akwati, jingina hoton fuskarsa na kallon bango. Ƙurar da ta hau ɗanyen fenti kada a goge, a bari ya daskare a share da busasshen burushi. Kada a shanya a rana, sama za ta yi fata ciki na ɗanye, ya yamutse. Launukan ƙasa kan kama cikin kwana 1 zuwa 2, fari da ja da rawaya mai haske kwana 4 zuwa mako.

Gargaɗi na gaske: tsumman da ya sha man lin in aka dunƙule shi aka jefa kwana, yana ɗumama da kansa har ya kama wuta, balle a zafin Afrilu. A baza shi a fili ya bushe, ko a jefa cikin gwangwani mai ruwa.

Malama ta Unguwar Zariya ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ina da saɓani kaɗan da Baba. Yaron da bai taɓa haɗa launi ba, ni a ganina ya yi alluna goma na farko da fentin akirilik. Ruwa ne mahaɗinsa, ba wari, ya fi samuwa, kuma kafin ƙura ta sauka ya bushe. Aibinsa da hunturu yakan daskare a allon damawa cikin ƴan mintuna. Maganin: faranti, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora takarda mai santsi irin ta gashin burodi, a matsa fenti a kai. Yana kuma ƙara duhu in ya bushe, sai a dama da ɗan haske fiye da abin da ake so. Fentin mai yana hawa kan akirilik lafiya lau. Akirilik a kan mai kuwa ɓarewa yake yi.

Sai abin da za a tambaye ka a gida, ƙanena, gara ka san amsarsa. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wani mai sana'ar hotuna ya je wurin Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya gargaɗe shi kan surar abu mai rai, ya ce in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Gulbi da gawo da rumbu da hasumiya duk suna ciki. A hoton Churchill akwai ƴan mutane ƙanana a gaba, an sa su don a gane girman ganuwa. Kai amalanke ko tulu ko damin kara zai yi maka wannan aikin.

Kuma zaman Churchill a Marakesh ya bar wa Maroko mai zane. Ya ga zanen Hassan, ɗan Pasha Thami El Glaoui mai mulkin Marakesh a lokacin, ya ba uban shawara ya bar shi ya koya. Hassan El Glaoui ya zama ɗaya daga manyan masu fentin ƙasar, ya rasu a 2018.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Saura biyu. Tunda biyu daga launukan nan na ƙasa ne, ba za a iya yin su da jar ƙasarmu ba? Kuma yaushe ake shafa man ƙyalli a kan hoto?

Tsohon Mai Burushi ya amsa:

Ana yi, ɗana, kuma rawayar ƙasa da jar ƙasa na bututu asalinsu ke nan: tsatsar ƙarfe cikin yumɓu. Nemi ƙasa mai launi sosai daga ramin marmara ko inda ake haƙar rijiya. Daka ta, ka zuba cikin bokiti, ƙasa kashi 1 ruwa kashi 5, ka dama sosai. Ƙirga daƙiƙa 30 rairayi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan mai launi a wani bokiti, ka zubar da na ƙasan. Maimaita sau biyu. Bar shi ya kwana, zubar da ruwan sama, baza lallausan a faranti ya bushe ƙarau. In da sauran danshi ba zai haɗu da mai ba. Rawayar ƙasa in ka soya ta a tsohon kaskon ƙarfe a kan gawayi za ta juye ja a gabanka, zafi ne ke korar ruwan da ke ɗaure cikin tsatsar. Ƙasa ɗaya ta ba ka launi biyu.

Niƙa: cokali ɗaya na gari a kan gilashi mai kauri, ɗiga man lin kaɗan-kaɗan, ka murza da gindin kofin gilashi mai faɗi minti 15 zuwa 20, har ka daina jin ƙaras-ƙaras kuma fentin ya tsaya a bakin wuƙa bai zuba ba. Yawan mai shi ne kuskuren kowa a nan. Yi na kwana biyu kawai, saura ka ajiye shi gari. Ka ɗaure hanci lokacin daka da tankaɗe.

Shuɗi dai ka saya. Bular wanki asalinta PB29 ce, amma an cakuɗa ta da wasu garuruka, cikin mai sai ta yi rauni. Shunin marina kuwa in aka tsarma shi da fari yana koɗewa a haske.

Malama ta yi gaskiya kan akirilik, sai dai sama da hazo suna son gefe mai laushi, shi kuwa ba ya jira a lailaya.

Man ƙyalli sai bayan wata 6, in fentin mai kauri ne shekara. Gwada da farce a wurin da ya fi kauri: in ya lotsa, bai kai ba. A share ƙura, a kwantar da hoton, shafi ɗaya siriri da burushi mai faɗi, da safe kafin iska ta tashi, a kife kwali a kai. A nemi na masu zane wanda ake iya cirewa. Na kafinta yana yin rawaya cikin ƴan shekaru, kuma ba ya fita sai da fentin.